Takalmin siketin a kasuwar Jega: ƙarkon da ake yi wa kirari na wane ne?

Duk wanda ya ratsa layin 'yan gwanjo a kasuwar Jega, ko ya tsaya bakin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero lokacin da ɗalibai ke fitowa, ya san takalmin nan ko da bai san sunansa ba. Kambas ne mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ba tudu a dunduniya, farar roba ta zagaye gindinsa kamar an yi masa ɗamara, wani lokaci da farin layi a karkace a gefe. In ka kifa shi za ka ga ƙasan ruwan zuma ne, da ƙananan ramuka reras kamar saƙar zuma. Masu sayarwa suna kiransa da sunan kamfanin da ya fi shahara da shi, Vans, ko na kamfanin ne ko kwaikwayo. Kirarin da suke yi masa kuwa ɗaya ne: wai takalmin 'yan siketin ne, don wahala aka yi shi, ba ya mutuwa.

Ba mu ja da cewa don wahala aka yi shi ba. Tambayar ita ce, wace irin wahala? Injiniya ba ya cewa abu yana da ƙarko ya yi shiru, sai ya faɗi a gaban me. Ƙarfen garma yana jure ƙasa mai tsakuwa shekara da shekaru, amma bar shi a ruwa damina guda ka ga abin da tsatsa za ta yi masa. Haka takalmi. Kuma zancen ya wuce na ado, domin ɗalibin da ya matse kuɗin abincinsa ya saya, da ɗan kabu-kabun da zai wuni da shi a kan mashin, da dattijo mai ciwon suga da ɗansa ya kawo wa tsaraba, kowannensu ƙafarsa ce za ta biya in lissafin bai fita ba.

Aikin da aka yi shi dominsa

Siketin da ake nufi a nan ba na takalmi mai taya ba ne, wanda samari ke yi a titunan birni suna kama bayan mota. Na allo ne: katako mai tayoyi huɗu, mutum ya tsaya a kai yana tunkuɗa ƙasa da ƙafa ɗaya. A Kalifoniya ta Amurka ya girma, ya shiga gasar Olamfik karo na farko a wasannin Tokyo da aka yi a 2021. A Afirka ta Yamma ana yin sa a Akara, inda aka buɗe filin Freedom Skatepark a ƙarshen 2021, ana yin sa a Legas inda matasan Wafflesncream suka daɗe suna tallafa masa. A tsakanin Aliero da Jega da Maiyama kuwa, takalmin ne ya iso, allon da wuya ka gan shi.

Paul Van Doren da ɗan'uwansa da abokansu sun buɗe masana'antarsu a garin Anaheim a 1966, kuma ba 'yan allo suka nufa da farko ba. 'Yan allon ne suka gano cewa robar ƙasan tana kama katako, suka rungume shi. A 1976 aka fitar da samfurin Era da shawarar 'yan wasa biyu, Tony Alva da Stacy Peralta, a 1977 kuma Old Skool mai layin nan na gefe, wanda shi ne kwaikwayonsa ya cika kasuwanninmu yau.

Abin da ke cin takalmin ɗan allo sananne ne. Saman allon an manna masa baƙar takarda mai kaushi, samfefa ce sak irin ta kafinta. Ƙwayoyinta yawanci na silikon kabaid ne, wanda taurinsa ya kai 9 a ma'aunin Mohs, inda daiman yake 10, yashin gulbi kuma yake kusan 7. Sai tsallen da ake kira oli, wanda Alan Gelfand ya fara a ƙarshen shekarun 1970, Rodney Mullen ya sauko da shi kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a farkon shekarun 1980. Ƙafar baya ta doki wutsiyar allon, ta gaba kuma ta kwanta a gefenta ta goga samfefar zuwa sama don allon ya tashi tare da mutum. Wato kowane tsalle gugar samfefa ɗaya ce a gefen takalmin, daidai wajen ƙaramin yatsa. Yi ɗari a wuni ka gani. Kambas na yadi zalla kwanaki kaɗan yake yi ya huje. Shi ya sa masu ƙera takalmin suka koma wa fata mai laushin gashi da ake kira suwed, suka ninka ɗinki biyu ko uku a wajen, wasu suka shimfiɗa siririyar roba a ƙarƙashin fatar, wasu suka ɓoye ramukan igiya don kada samfefa ta tsinke ta.

Wannan dabara ce mai kyau, mun yaba. Amma a lura da inda ƙarfin ya taru: wani ɗan fili ne da bai kai faɗin tafin hannu ba, a gefen gaba. To ɗalibin da ke takawa daga ɗaki zuwa aji, ko mai tallan da ke zagaya tasha, me ke gugar masa gefen ƙaramin yatsa? Ba komai. Ɗauko tsohon takalminka ka kifa shi. Yawancinmu gefen waje na dunduniya ne ke fara zaizayewa, don nan ke fara taɓa ƙasa, sai ƙarƙashin tushen yatsu inda ƙafa ke lanƙwasa ta tunkuɗa. A waɗannan wurare biyu takalmin siketin na gargajiya ba shi da wani sulke. Ka biya kuɗin garkuwa ke nan a inda ba a kawo maka hari, inda ake kawo harin kuma a buɗe yake.

Dafaffiyar roba da roba mai ƙoƙo

Ɗanyar roba ba ta da amana: zafi ya sa ta danƙo, sanyi ya sa ta sandare. Charles Goodyear ne ya yi rajistar maganin wannan a 1844, wato a gauraya ta da farar wuta a dafa. Farar wutar takan ɗaure dogayen zaruruwan robar da juna nan da can, kamar yadda ake ɗaure karan zana, sai ta riƙa miƙewa tana komawa yadda take. Takalmin siketin na asali da wannan hanyar ake yin sa. A haɗa sama da ƙasa, a naɗa farar ɗamarar roba a zagaye, a tura takalmin gaba ɗaya cikin tanda mai zafin da ya haura digiri 100 sosai. Daga nan komai nasa ya samo asali. Tunda sai ya shiga tanda, ba a iya sa masa soson nan mai kumfa da ke cikin takalmin gudu, don zai narke ko ya motse. Sai ƙasan ya fito siriri, mai lanƙwasuwa, mai ɗan nauyi, ba katifa.

Ɗan allo wannan yake nema, don yana son tafin ƙafarsa ya ji inda bakin allon yake ba tare da ya duba ba. Da 'yan wasa suka fara dirowa daga matakala goma, dunduniya ta fara kuka, sai aka yawaita salo na biyu: a zuba robar ƙasan daban a siffar ƙoƙo, a zaunar da saman takalmin a ciki, a manna da gam, sau da yawa a bi da ɗinki. Cikin ƙoƙon akwai wurin sa soso. Yawancin manyan takalman DC da Etnies da Nike SB Dunk da ke fitowa a dila irin wannan ne. A ido suna kama da juna, a ƙafa kuwa ba su haɗa hanya ba, kuma mai gwanjo duka suna ɗaya yake kiransu.

Sai batun laushin robar. Roba mai laushi tana lotsawa cikin ƙananan kaushin ƙasa, shi ya sa take kamawa. Wannan lotsawar ce kuma ke sa ƙasa ta riƙa yagar ta kaɗan-kaɗan. Kamu da ƙarko kishiyoyi ne, in ka ƙara wa ɗaya sai ka rage wa ɗaya. Masu yin tayar mota sun sassauta wannan rigima da baƙin garin kabon da suke zubawa cikin roba, wanda ke ƙara mata juriyar guga ninkin-ba-ninkin, shi ne ma ya sa taya take baƙa. Robar nan mai ruwan zuma ba ta da shi. Don haka in ƙarkon ƙasa zalla ake magana, a kan kwalta da tsakuwa da jar ƙasa mai burji, takalmin taya da ake yankawa a kasuwar ƙauye ya yi wa na Kalifoniya nisa. Ba shi da kyan gani, ba mai ɗaukarsa hoto, amma kimiyyar tana bayansa.

Wuri ɗaya da dafaffen takalmi ya ci nasara a ƙasarmu shi ne zafi. A watan Afrilu, in iska ta haura digiri 40 a Kebbi, fuskar kwalta kan iya wuce 60. Gam ɗin takalmi da yawa da zafi ake farfaɗo da shi a masana'anta kafin a manna, kuma zafi na iya sassauta shi daga baya, shi ya sa takalmin da aka bari a rana ko a bayan mota yake buɗe baki kamar kada. Wanda aka dafa ya fi jure wannan, ko da yake shi ma ɗamarar tasa takan tsage a inda ƙafa ke lanƙwasa. Sai dai siririn ƙasan da ya jure zafin shi ne kuma ke miƙo maka shi har tafin ƙafa, domin ba soso mai riƙe iska da zai tare. Na kwaikwayo kuwa, wanda aka zuba da robar bokiti aka zana masa ɗamarar ƙarya, bai samu ko ɗaya ba: ba kamu, ba juriya, a kan jiƙaƙƙen tayil kuma santsi kamar an zuba karkashi.

Lamba 42 ta wace ƙafa?

Nan ne muka fi jin haushin yadda ake sayar da takalmin nan. Lambar Turai da muka saba da ita, 40, 41, 42, kowane mataki kashi biyu bisa uku na santimita ne, wato milimita 6.67. Ta Ingila kashi ɗaya bisa uku na inci ne, kusan milimita 8.5. Lamba 42 tana nufin kusan santimita 28, kuma ba tsawon ƙafarka ba ne, tsawon ƙafar katako ko ta roba ce da aka ƙera takalmin a kanta. Ƙafar da za ta zauna ciki lafiya ba ta wuce 26 da rabi ba. Tsawo kaɗai lambar ta faɗa. Ba ta ce komai a kan faɗi ba, ba ta ce komai a kan tudun bayan ƙafa ba, kuma kowane kamfani da siffar ƙafar katakonsa.

Me ya sa faɗi ya dame mu? Domin ƙafa takan bi abin da ta tashi a ciki. A 2009 Kristiaan D'Août da abokan aikinsa sun gwada ƙafafun mutane a kudancin Indiya, masu yawo ba takalmi da masu sawa, suka kwatanta da na Turawa. Masu yawo ba takalmi ƙafarsu ta fi faɗi, kuma nauyin jiki ya fi bazuwa a tafin ƙafar maimakon ya taru wuri guda. Kafin su, a 1992, Rao da Joseph sun duba yara 2,300 a Indiya, suka tarar da shafaffen tafin ƙafa a kashi 8.6 cikin 100 na masu sa takalmi, da kashi 2.8 kacal na marasa sawa, kuma rufaffen takalmi ya fi silifas laifi. To yaron da ya tashi a Katanga ko Andarai ko Sabiyal, rabin ƙuruciyarsa ba takalmi, rabi a silifas, yatsunsa a baje suke kamar yadda Allah ya yi su. Wannan ƙafar lafiyayya ce. Ita ake cusawa cikin takalmin da aka ƙera a kan ƙafar wanda ya tashi cikin rufaffen takalmi tun yana rarrafe.

Ƙari a kan haka, takalmin siketin da gangan ake yin sa ya kama ƙafa tsam, don ɗan wasa ba ya son ƙafarsa ta motsa a ciki lokacin da yake juya allo. Abin da mutanenmu ke yi in ya matse sai su ƙara lamba ɗaya ko biyu. Faɗin ya ɗan samu, amma tsawo ya yi yawa, dunduniya na fita tana shiga, wurin lanƙwasar takalmin ya goce daga wurin lanƙwasar ƙafa. Sakamakon: bororo a dunduniya, kanta a kan yatsu, da farcen babban yatsa da ke baƙi saboda ƙafa na zamewa gaba tana dukan bango. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A 2018 Andrew Buldt da Hylton Menz na Ostareliya sun tattara binciken da aka yi a kan wannan, suka ga kashi 63 zuwa 72 cikin 100 na mutanen da aka gwada suna sanye da takalmin da bai dace da tsawon ƙafarsu ko faɗinta ba.

Gwajin da ya fi lamba amfani ba ya cin ko sisi. Zare shimfiɗar cikin takalmin in tana fita, ajiye ta ƙasa, ka taka a tsaye da dukan nauyinka. In yatsunka sun zubo ta gefe, takalmin ba naka ba ne komai kyansa. A gaba kuma a samu ragowar da ta kai faɗin babban yatsan hannu. A yi wannan da yamma, don ƙafa takan kumbura in an wuni a tsaye, balle da zafi, kuma a gwada ƙafa biyun, don ba kasafai suke zuwa daidai da juna ba. Maganar nan ta “zai buɗe in ka sa shi kwana biyu” tana da ɗan gaskiya a suwed, amma ɗamarar roba ba ta buɗewa, ƙafar ce ke haƙura.

Daɗin sawa

A 2006 Edward Frederick da abokansa sun sa ƙwararrun 'yan allo, waɗanda ba su kai goma ba, suka yi tsalle a kan faranti mai auna ƙarfi. Sun samu cewa a lokacin dira ƙafa tana ɗaukar abin da ya kai ninki huɗu da rabi zuwa biyar na nauyin jiki. Irin wannan adadi ake nunawa a ce takalmin da ya ɗauki haka ai tafiya wasa ce a wurinsa. Lissafin bai tafi haka ba. Duka ɗaya mai ƙarfi cikin ƙiftawar ido daban, taku dubu goma a wuni ko tsayuwar awa shida a kan siminti daban. Kuma ba takalmin ne ke shanye yawancin wannan ƙarfi ba, gwiwa ce da ƙugu da idon sawu na matashin da ya horu.

Kada kuma a ɗauka muna cewa soso shi ne lafiya. A 2019 Nicholas Holowka da Daniel Lieberman da abokansu sun wallafa a mujallar Nature abin da suka gani a ƙafafun mutanen Kenya da Amurka: kaurin fatar tafin ƙafa, kaushin nan da muke jin kunyarsa, yana kare ƙafa ba tare da ya rage mata jin ƙasa ba, alhali takalmi mai katifa yana sauya yadda ƙarfin taku ke isa gaɓoɓi. Sojojin Amurka ma sun gwada raba wa sababbin kurata fiye da 7,000 takalmi bisa siffar tafin ƙafarsu, raunuka ba su ragu ba. Shi ya sa Benno Nigg na jami'ar Calgary ya kawo shawara a 2015 cewa jin daɗin da mai sawa ya ji da kansa ya fi cancanta a bi. A wannan fuska shimfiɗaɗɗen ƙasan takalmin siketin abin yabo ne ga wanda ya tashi a silifas. Ba ya ɗaga dunduniya, ba ya tilasta wa ƙafa wata siffa daga ƙasa. Da faɗinsa ya kai, da mun ce ya fi takalmin gudu mai tudun soso dacewa da ƙafarmu.

Amma akwai abin da wanda ya zana shi a Anaheim bai sa a lissafi ba: a nan mutum yana cire takalmi sau biyar a wuni don salla, ban da shiga ɗaki da zama a tabarma. Takalmi mai igiya, mai kama ƙafa tsam, wa zai tsaya kwancewa da ɗaurewa sau goma? Sai a take bayansa a mai da shi silifas. A cikin bayan nan akwai wani ɗan bango mai tauri da ke riƙe dunduniya. Ranar da aka karya shi, ya karye ke nan, dunduniya ta fara yawo, ƙasan ya fara cinyewa ta gefe ɗaya. Sannan ga ƙafa jiƙe da ruwan alwala ana mayar da ita cikin takalmi mai kaurin harshe da soso a wuya, wanda aka yi don ya tare dukan allo, ba don iska ta ratsa ba. Ƙafafun mutum biyu suna da ƙofofin gumi kimanin 250,000. Ɗumi, laima, duhu: gonar naman gwari ke nan, wato cin ruwa a tsakanin yatsu da warin da ke korar mutane daga sahu. Wanda ya san zai take baya, gara ya nemi samfurin da ba igiya tun farko, ya kuma tsane tsakanin yatsu kafin ya mayar.

Akwai kuma masu sayen mai dogon wuya da niyyar wai yana kare idon sawu daga targaɗe. Tarihin wasan kansa ya ƙaryata rabin wannan. Takalmin Steve Caballero mai dogon wuya ne da farko, 'yan wasa suka riƙa sa almakashi suna yanke wuyan don ya bar su su motsa, har kamfanin ya bi su ya fitar da Half Cab a 1992. Wuyan yadi ko na fata mai laushi yana tare bugun allo da ƙujewa, amma ba shi da ƙarfin hana ƙafa gurɗewa in nauyin jiki ya faɗa a kanta. A 1993 Barrett da abokansa sun raba wa 'yan ƙwallon kwando 622 masu dogon wuya da masu gajere, ba su ga wani bambanci na a zo a gani a yawan targaɗe ba. Aliero ta yi suna wajen masu ɗori tun kafin a kafa jami'a a can a 2006, kuma ba ma jin tsawon wuyan kambas zai rage musu layi.

Ga ɗan kabu-kabu, hukuncinmu rabi da rabi ne. Rufaffen takalmi kowane iri ya fi silifas a kan mashin, wannan ba gardama. Suwed da ninkin ɗinki suna kare yatsu in an ɗan ƙuje. Amma siririn ƙasa mai laushi shi zai sha dukan kik, shi zai sha jan ƙasa a kowace tsayawa, kuma gajeren wuya ya bar idon sawu a buɗe kusa da salansa. In za a saya, mai ƙoƙo mai kauri ya fi dafaffe.

Gona kuwa, a bar shi a gida. Manomin albasa a Aliero da mai shinkafa a fadamun gulbin Zamfara cikin ruwa da taɓo suke wuni. Ramukan ƙasan nan da ke kama busasshen katako cikewa suke da laka nan take su koma sumul. Suwed in ya sha ruwa ya bushe a rana sai ya ƙandare ya tsage, yadi kuma ya ruɓe. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne maciji. Mafi yawan sara daga gwiwa zuwa ƙasa yake, kuma kububuwa, wadda ta fi kowane maciji kashe manoma a yankinmu na sabana, gajeriya ce mai kwanciya a ƙasa, idon sawu da bayan ƙafa take samu. Kambas ya tsaya ne daidai ƙasan inda ake buƙatar kariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da saran maciji cikin jerin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, kuma cikin shawarwarin kariya da ake ta nanatawa akwai takalmin ruwa na roba mai kaiwa ƙwauri. Yana da zafi, ba shi da daɗi, amma aikinsa ke nan.

Mai ciwon suga kuma a yi masa rai kada a kai masa na gwanjo. Ciwon in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, sai ɗinki ya yi ta cin yatsa wuni guda mutum bai sani ba. Daga bororo sai gyambo, daga gyambo wani lokaci sai yanke ƙafa. Takalmin da aka yi don ya matse, mai ninkin ɗinki daidai kan ƙaramin yatsa, wanda kuma ya riga ya lotsa da siffar ƙafar wani, ya tara duk abin da likita ke cewa a guje wa.

Abin da dila ke ɓoyewa

Takalmin gwanjo na iya fitowa fes, ƙasan ko ƙura bai taka ba, a sa shi mako guda ya ruguje kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Mutane kan ce an yi musu sammu ko an cuce su da na jabu. Sau da yawa sinadari ne kawai. Wani nau'in soso da ake kira foliyuretan, da ake sawa a tsakiyar wasu takalma masu ƙoƙo da shimfiɗar ciki, yana shan laimar iska a hankali, ruwan ya riƙa tsinka zaruruwansa daga ciki. Ajiya ba ta hana wannan, zafi da laima ma ƙara masa sauri suke, kuma takalmin da ya yi shekaru a kabad a Turai, ya kwana cikin kwantena a teku, ya zauna a sito a bakin ruwa, ya sha duka biyun. Wasu kamfanoni, irin Nike, suna buga ranar ƙira a takardar da ke jikin harshen. A duba. A kuma danna soson da babban yatsa da ƙarfi: in ya dawo, da sauran rai, in ya lotsa ya zauna ko ya yi danƙo ko ya zubo gari, a ajiye. A nan dafaffen takalmi ya sake cin maki, tunda ba shi da soson da zai ruɓe, abin da ka gani shi ka saya.

Sai gyara. 'Yan allo sun saba da shafa wa takalminsu wani gam mai kauri, Shoe Goo, a wurin da ya fara hujewa, don su ƙara masa mako biyu ko uku. Mu muna da abin da ya fi wannan, shumeka da dukawa a kowace kasuwa, a ƙasar da fatar jar akuyarta ta yi suna har Turai. Takalmi mai ƙoƙo yana karɓar aikinsu: bangon robar yana da kaurin da basilla za ta ratsa ta riƙe, don haka a kai shi a zagaye shi da ɗinki tun yana sabo, kafin gam ya saki, a kuma manna masa ɗan yankin taya a gefen dunduniya da zarar ya fara karkata. Dafaffen ya fi wuyar sha'ani. Ɗamararsa siririya ce, ɗinki kan yaga ta, kuma in ƙasan ya huje a tushen yatsu, faci ne kawai zai ɗan ja kwana. Ga ɗalibin da tafiyarsa daga ɗaki zuwa aji ce da dawowa, wanda ƙafarsa ba ta cika faɗi ba, wanda zai kwance igiya ya kuma bar takalmin ya sha iska kwana guda bayan kwana guda, kowanne daga cikin biyun zai kai shi zango biyu ko fiye. Wanda ke takawa daga Jega zuwa ƙauye a kan burji kullum, mai ƙoƙon da aka ɗinke aka yi wa dunduniyar taya shi ne zai ga ƙarshen rani.